Akwatin gilashi mai fitilu ba na Samaru ba ne: a duba raga da fanka kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar tebur da ta yi hunturu ɗaya a shagon buga takardu a bakin titin Sakkwato a Samaru ya san abin da ake tararwa a ciki. Ƙura ta lulluɓe fuka-fukan fanka, ta toshe tsagogin ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, ta kwanta a kan madabod kamar an barbaɗa gari. Duk da haka, idan matashi ya tashi haɗa sabuwar kwamfuta don aikin zane, haɗa bidiyo ko wasan gem, yakan zuba kuɗinsa a furosesa da katin hoto, sai canjin da ya rage ya sayi akwati da shi. Shi ma akwatin da ido ake zaɓensa: gilashi gaba, gilashi gefe, fitilu masu sauya launi. A Zariya wannan lissafi a juye yake, kuma aljihu ne ke biyan kuɗin kuskuren daga baya.

Dalilin yana cikin iskar garin. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya. Ƙura ce mai laushi ƙwarai, tana shiga ɗaki ko da an rufe taga. A kanta kuma ga ƙurar layukan Jama'a da Samaru da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, ga ta babura da manyan motoci, ga hayaƙin janareta mai maiƙo da ke sa ƙurar ta manne. Hunturu na wucewa bazara ta shigo, zafin rana a Maris da Afrilu ya haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40. Wato daidai lokacin da kwamfuta ta fi buƙatar iska, a lokacin ne hanyoyin iskarta suka fi toshewa da ƙurar wata huɗu.

Akwai lissafi mai sauƙi da masu kallon bidiyon gwaji a YouTube ke mantawa. Masu gwada akwatuna a Amurka da Turai suna yi ne a ɗaki mai sanyi, digiri 21 zuwa 23. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki yana ƙaruwa a kan furosesa. Injin da ya nuna digiri 80 a can zai iya kaiwa 95 a shago mai rufin kwano a Sabon Gari da tsakar ranar Afrilu. Yawancin furosesoshin Intel suna rage gudu da kansu idan sun kai digiri 100, na AMD Ryzen 7000 kuma iyakarsu 95. Ba za su ƙone nan take ba, amma mai injin ya biya kuɗin gudun da ba ya samu. Bidiyon biki da ya kamata ya fito kafin a ɗauke wuta sai ya kai dare, janareta na shan mai.

Saboda haka abu na farko da ya kamata a duba shi ne gaban akwatin. Gaba mai raga yana barin iska ta shiga kai tsaye. Gaba mai gilashi ko roba rufaffiya, da 'yan tsagogi a gefe, yana shaƙe fankokin da ke bayansa, su yi ta juyawa da ƙara ba su jawo komai. Yawancin akwatuna masu araha da ake tallatawa da fanka uku ko huɗu masu fitilu irin wannan ne, kuma ba tsada ce ke raba mai kyau da marar kyau ba. Corsair 4000D Airflow ya yi suna ne don gabansa a huje yake kuma yana da matatar ƙura a gaba, a sama da ƙasa. Jerin Meshify na Fractal Design ma haka aka gina shi. Lian Li Lancool 216 yana da manyan fankoki biyu masu milimita 160 a gaba, yana sanyaya inji sosai, sai dai matatar ƙurar gabansa daban ake sayenta, abin da mai saye a Zariya bai kamata ya bari ya wuce shi ba. Ba lallai a samu waɗannan sunaye a PZ ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Kwamfuta Bileji a Ikeja. Amma siffar ake nema, ko da akwatin ba shi da sanannen suna.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne yadda ake jera fankoki. Idan iskar da ake fitarwa ta fi wadda ake shigarwa yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa: ramukan baya, gefen murfi, wuraren da babu matata ko ɗaya. Ƙura ta samu ƙofar baya ke nan. Idan kuwa fankokin shigarwa sun fi yawa, misali biyu ko uku a gaba bayan matata, ɗaya a baya tana fitarwa, iskar da ta taru a ciki za ta riƙa tura kanta waje ta waɗannan kafofi, ƙura ba ta samun hanya sai ta matata. Wannan ba ya buƙatar ƙarin kuɗi, juya fuskar fanka ne kawai. Da yawa daga masu haɗa kwamfuta suna cika saman akwati da fankokin fitarwa don suna ganin zafi sama yake tashi, sai su mai da injin tamkar na'urar shara. Fanka mai milimita 140 tana tura iska daidai da mai 120 a gudu ƙasa da nata, da ƙarancin ƙara, idan akwatin na karɓarta ita ce zaɓi.

Masu adawa da matata suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Matata tana rage iska. Wadda ta toshe kuma ta fi rashin matata muni, domin ta zama bango. Amsar ita ce a sayi wadda ake iya cirewa cikin daƙiƙa biyar, mai maganaɗisu ko mai zamewa ta gaba. Akwatin da sai an kwance sukurori ko an ja shi daga jikin bango kafin a kai ga matatarsa, mai shago ba zai taɓa wanke ta ba, ko da ya yi niyya. A hunturu wanki ko kakkaɓewa duk mako ba wuce gona da iri ba ne. A kuma tuna da matatar ƙasa, wadda ke kare na'urar rarraba wuta: ita ce ta fi kusa da daɓe, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ɗaga akwati daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci yana rage ƙurar da yake sha.

Sanyaya furosesa da ruwa yana burge matasa, amma a nan ba shi da riba sosai. Tsagogin lagiretonsa matsattsu ne, ƙura na cika su da sauri, kuma ranar da famfonsa ya mutu sai an jira kaya daga Legas. Babban ƙarfen shan zafi mai fanka, idan akwatin na da faɗin ɗaukarsa, abin da zai iya lalacewa a jikinsa fanka ce kawai, ita kuwa ana samu a ko'ina.

Lokacin shara ma yana da nasa hatsari. Busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ke ɗan jan hannu idan an taɓa ƙofar mota, kuma wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe RAM ko madabod. A cire wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a sa hannu ciki, a riƙe fanka da yatsa yayin hura mata bulowa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Babbar sharar shekara kuma a yi ta a ƙarshen hunturu, kafin ruwan farko. Ƙurar da ta kwana a kan allo har damina tana shan laima, ta zama kamar taɓo, ta fara cin ƙafafun kayan lantarki.

Gaskiya ne yawancin shagunan da ke buga wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello kundin bincike ba haɗa kwamfuta suke yi ba, tsofaffin HP da Dell na ofis 'yan kwatano suke saye. An ƙera su ne don ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki, galibinsu ba su da matata sam, kuma madabod ɗinsu sau da yawa ba ya shiga wani akwati daban. Ga waɗannan, ana sayar da ragar ƙura mai maganaɗisu da ake mannawa a kan ramukan gaba, kuma ko siririn yadin gidan sauro da aka ɗaure da kyau yana tare gashi da manyan ƙwayoyin ƙura. Abin da bai kamata ba shi ne lulluɓe injin da zane ko leda yana aiki, ko cire murfin gefe a kunna masa fankar tsaye. Na farko yana dafa shi, na biyu yana cika shi da ƙurar titi cikin 'yan kwanaki. A rufe shi da zane bayan an kashe shi an tashi daga shago, da safe kuma a cire kafin a kunna.