Alhaji ya samu suna, wa ya goya jaririn?

Da zarar lokacin aikin hajji ya gabato, kuɗin kujera ya hau, sai a fara yawo da zancen nan a Facebook da WhatsApp: ai kakanninmu a ƙasa suka taka har Makka, mu ne muka lalace. To, gaskiya ne, sun taka. Amma ku lura da yadda ake ba da labarin. Kullum dattijo ne da sanda da buta da gafaka. Matar da ke biye da shi, tukunya bisa kai, jariri a baya, ita babu ta a hoton.

Bari mu tuna hanyar. Daga Damagaram ko Katsina ko Kano a nufi Barno, a ƙetara zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a bi ta Abeshe a shiga Darfur, a wuce El-Fashir da El-Obeid, a ƙetare Nilu, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, nan ne ake neman jirgin ruwa zuwa Jidda. Fiye da kilomita 3000. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Guzuri ya ƙare, a zauna a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. Da yawa sun tsaya tsinkar auduga a Jazira, bayan an buɗe madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, kuma jikokinsu na Sudan har yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, mutanen da suka bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi, bayan an kashe shi a Burmi a 1903.

Tafiyar da ke cin shekaru, dole a yi ciki a cikinta, a haihu a cikinta. Duk wadda ta taɓa jego ta san abin da nake nufi. A gida mai jego tana da kwana arba'in, da ruwan zafi, da kunun kanwa, da uwa ko goggo a kusa. A tsakanin rijiya da rijiya a Darfur fa? Ayari ba ya jiran bakwai. Ta ɗaura zani, ta ɗaure majanyi, ta tashi. Ruwan da aka raba mata shi ne zai zama nono, in ta sha kaɗan yaro ya ji a jikinsa. Ga ƙyanda, ga zawo, ga rana. Wanda ya rasu a tona masa a gefen hanya, a yi addu'a, a wuce. An dawo gida maigida ya zama Alhaji, ana zuwa gaishe shi, ana shan zamzam. Wannan lissafin na ƴaƴan da aka bari a hanya, a cikin uwar ya tsaya.

Ku dubi Turai. A Sifen akwai hanyar ziyara ta Kiristoci zuwa Santiyago, reshenta mafi shahara kusan kilomita 800 daga kan iyakar Faransa. Akwai masauki a kusan kowane ƙauye, akwai alamu a hanya, akwai asibiti. Wanda ya taka kilomita 100 na ƙarshe ana ba shi takardar shaida. Ma'aurata su tafi da jaririnsu a keken turawa, su sa hoto, duniya ta yi ta tafi. Ban hana a yi masu tafi ba, tafiya da yaro ko'ina wahala ce. Sai dai su sun adana hanyarsu, mu kuwa kalmar Takari ma mun maida ta zagi.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, macen nan mai goyo ba ta daina tafiya ba. Alƙiblar ce ta canza. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 yara ne, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance. Aka yi makoki na kwana uku, aka koma harkoki. Har gobe ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 a rairayi kafin su iso Asamaka. In bidiyonsu ya fito, ku karanta abin da muke rubutawa a ƙasa: sun zubar mana da mutunci, marasa zuciya, a kulle su.

Za ku ce hajji ibada ce, bara kuwa abin kunya. Na ji. Ni ma ba na goyon bayan a shiga hamada da jariri, kuma masu hayar ƴaƴan mutane don bara, da direbobin da ke loda su kamar buhunan gero, kotu ce ta dace da su. Amma ku gaya mani, cikin masu zagin nan wa ya taɓa tambayar ina mijin? Wa ya tambayi gona nawa ta rage wa gida mai mutum goma a Kance? Wa ya tambayi ta shinge nawa motar ta wuce kafin ta kai Arlit, kuma me aka miƙa a kowane shinge? Matar ce kawai ke da fuska a bidiyo, ita ce mai sauƙin jifa.

Kuma, jama'a, abin mamaki: duk alhajin da ya je Makka sai ya yi kai-komo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa. Sawun wa yake bi? Na Nana Hajara, uwa ita kaɗai a wurin da babu ruwa, tana nema wa jaririnta Annabi Isma'il abin sha. Mutum ya biya miliyoyin sefa ya je ya kwaikwayi gudunta, ya dawo ya ga mai goyo ta faɗi a Asamaka, ya ce ta ba ƙasa kunya. Haba!

Tsofaffin da suka yi hajjin ƙasa, ko aka haife su a hanya, kaɗan suka rage a Maraɗi da Damagaram da Tawa. In akwai ɗaya a gidanku ko a unguwarku, ku je ku zauna da Hajiya, ba Alhaji ba wannan karon. Ku kunna waya ku naɗi muryarta. Ku tambaye ta garuruwan da suka yada zango, da aikin da ta yi don a samu na gaba, da ƴaƴa nawa ta fita da su, nawa ta dawo da su.