Sabo Turken Wawa

  

Wata 'yar kunya na sha kwanan baya a hannun wani abokina da ya zo mini ziyara daga Kano, ita ce ta sa na ce bari in yi wannan rubutu. Ni dai a Sabon Shagamu aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, kuma mahaifina ba shi da wata sana'a sai sayen goro da ɗaure shi zuwa Arewa. Da kuɗin goro aka yanka mini ragon suna. To ranar da baƙon nawa ya kwana biyu, muna zaune a rumfar Baba ana zaɓe, sai ya ɗauki goro ɗaya ya jujjuya shi ya ce, "Wai mutumina, ita bishiyar abin nan yaya take ne? Kamar mangwaro ko kamar dabino?"

Jama'a, wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Na san marsa, na san daushe, goron da sankara ta taɓa ina gane shi tun ban ɓara ba, amma ban taɓa tsayawa a gindin bishiyar goro ba. Baba ya yi dariya, ya kira wata dattijuwar Bayarabiya da ta shekara ashirin tana kawo masa kaya, ya roƙe ta a kai mu gonar mijinta.

Washegari bayan asuba muka hau mota zuwa Ikenne, garin su Awolowo, daga nan ɗan dattijuwar ya tare mu da babur muka bar kwalta. Tafiya kaɗan sai ga mu cikin duhun itatuwa, rana ta fito amma kamar magariba. Abokina da ya saba hango gari tun daga nesa sai waige-waige yake yi yana salati. Muka tarar da tsohon yana jiranmu, muka durƙusa muka gaishe shi da Yarabanci, ya nuna mana bishiyar. Doguwa ce mai duhun ganye, 'ya'yanta cikin wani koren kwanso mai ƙuraje, idan an fasa sai ka ga goro a jere kowanne cikin farar riga. Mata ne ke jiƙa shi su cire rigar, su wanke, su zuba a kwando ya tsane, kafin a lulluɓe shi da ganye. Duk wannan wahala ana yin ta kafin ya iso rumfarmu, ni kuwa a kwando na fara saninsa.

Tsohon ya nuna mana wani irin da suke kira abata, mai ɓari uku ko huɗu, wanda suke hidimomin al'adarsu da shi. Namu mai ɓari biyu kuma ya ce sunansa gbanja. Abokina ya yi farat ya ce, "Gwanja ke nan!" Haka ne kuwa. Fatakenmu na da can Gwanja suke zuwa, a ƙasar Gana ta yanzu, su yi watanni a hanya da jakuna. Bayan an buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Ikko da Kano a 1912 sai cinikin ya karkato nan, Yarabawa suka dage da shuka irin da Bahaushe ke ci. Wato ashe sunan da manomin ke kiran amfanin gonarsa ma yana ɗauke da sawun kakanninmu.

Da azahar aka kawo mana dafaffiyar doya da manja, aka ba mu ruwa muka yi alwala muka yi salla a inuwa. Muna shirin tafiya tsohon ya faɗi maganar da har yau take ci na. Ya ce shekara ashirin matarsa tana kai kaya Sabo, amma yau ne ya fara ganin ɗan gidanmu a gonarsa.

Ra'ayina shi ne wannan zama da muke yi, daga gida sai rumfa sai masallaci, yana cutar da mu ta fuska biyu.

Ta farko sana'a. Yawancin bishiyoyin tsohon nan mahaifinsa ne ya shuka su. 'Ya'yansa sun tafi Legas in ban da ɗaya, maƙwabtansa biyu sun sayar da gonakinsu ga masu gina gidaje, kuma sabuwar bishiya sai ta yi wajen shekara bakwai kafin ta fara 'ya'ya. Mu muna Sabo muna kukan kaya ya yi tsada muna zargin dillalai, alhali tushen abin ne ke tsufa. Wanda ya ga haka da idonsa zai san yadda zai shirya wa gobe, ko ya nemi wasu manoman tun da wuri, ko ya haɗa da wata sana'a.

Ta biyu zaman lafiya. Ba a haife ni ba a watan Yulin 1999, amma babu ɗan Sabo da bai ji labarin ba. Lokacin bikin Oro ne, wanda al'adarsu ta hana mata fita da dare, aka kashe wata Bahaushiya, gari ya kama da wuta, aka yi asarar rayuka da dukiya, har aka yi ramuwar gayya a Kano. Babu al'adar da ta halatta jinin mutum, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai Baba yakan ce waɗanda suka ɓoye Hausawa a gidajensu a ranakun nan, mutane ne da aka ci abinci kwano ɗaya da su. Wanda kuɗi kaɗai ya haɗa ku, ranar tashin hankali bai san ka ba.

Na san wani zai ce, kai yaro, a wannan zamani Bahaushe zai kama yawo a dajin Kurmi? Ka manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025? Ban manta ba, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa ba na cewa kowa ya ɗauki ƙafa ya faɗa gonar mutane. A bi ta hannun wanda ake hulɗa da shi, a sanar da Baale, wato mai garin, a tambayi ranakun al'adarsu, a je da rana a dawo da rana. Amma idan tsoro ya sa muka ƙara ƙulle kanmu, to mutanen ƙauye ba za su san Bahaushe ba sai wanda suke ji a jita-jitar waya, kuma wannan shi ya fi haɗari.

Hausawa suka ce sabo turken wawa. Ni dai na yarda Sabo ta ɗaure ni shekara ashirin da wani abu, sai da baƙo ya zo daga Kano ya kwance ni. Abokina ya koma da kwanson goro guda biyu, ya ce zai nuna wa kakarsa wadda ta tsufa tana ci ba ta taɓa ganinsa ba. Ni kuma na yi wa tsohon alkawarin komawa lokacin tsinka, tare da ƙannena.

'Yan uwa na Ibadan da Agege da Anacha da sauran wurare, kowa ya tambayi kansa: kayan da nake sayarwa, na taɓa zuwa inda ake noma shi? Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.