Ina Talakan Gobir Zai Kai Kukansa?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in amayar da abin da ya tokare mini ƙirji tun makon jiya. Akwai wata dattijuwa da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, tana zaune da jikokinta a wani kango a unguwarmu nan Sabon Birni. Ɗanta ya kai awaki biyu kasuwa, wani ya nuna shi da yatsa ya ce infoma ne, wasu masu ɗauke da bindiga da ke cewa tsaron mu suke yi suka jefa shi a mota. Babu awakin, babu yaron, babu wanda ya ce mata ga inda yake. Na raka ta wani ofis. Ta kwance haɓar zaninta ta fito da katin zaɓen yaron, shi ne kaɗai hotonsa da take da shi, ta ɗora a kan tebur. Jami'in ko kallon katin bai yi ba. Idonsa na kan waya ya ce, “Inna, wannan ba hurumina ba ne, ki tafi Sakkwato.” Da muka fito ta dube ni ta ce, “Malam, ni da ko Goronyo ban taɓa wucewa ba, ina ni ina Sakkwato?”

Ki tafi Sakkwato! Ta wace hanya? Hanyar da aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba a watan Yulin 2024, yana dawowa daga Sakkwaton? Duk ƙasar nan ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. A watan Agusta aka ce ya rasu a hannunsu, muka yi masa salla babu gawa. Idan hanyar ta ci basarake mai rawani, me za ta bar wa tsohuwar da kuɗin motar ma sai ta sayar da tukunyarta? Ko ta bi ta Isa ne, hanyar da aka ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021?

Wannan magana ta “ki tafi Sakkwato” ita ce ta sa na ɗauki biro. Mun gaji da jin ta. An kama ɗanka, tafi Sakkwato. An ƙwace gonarka bayan ka yi gudun hijira, tafi Sakkwato. An yi wa 'yarka fyaɗe a daji, tafi Sakkwato. An karkatar da buhun abincin da aka kawo wa 'yan gudun hijira, tafi Sakkwato. To idan komai sai Sakkwato, mu nan an ajiye mu ne don ranar zaɓe kawai? Ranar nan kam akwatin ƙuri'a yakan san hanyar Tsamaye da Kurawa da Unguwar Lalle da Lajinge, ba ya ɓata.

Na san hukumomin suna nan. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tun 1995 aka kafa ta, kuma tana da ofis a Sakkwato. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta ma girme ta, tun 1975 take. Akwai hukumar da ke ba talaka lauya kyauta. Akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru da ke kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma a 2021 jihar nan ta samu dokar hana cin zarafin mutane da ta kare yara. Duk alheri ne, ban raina ba. Amma duk suna cikin birni, mu kuwa wutar a nan take ci. Rijiya ce mai ruwa, guga babu igiya. Wani zai ce a buga waya. Ya manta a watan Satumbar 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Sabon Birni da Isa, muka koma neman layin Nijar a bakin iyaka kafin mu gaya wa 'yan'uwa an yi rasuwa.

Abin da muke nema ba shi da tsada. A buɗe ɗaki guda a kowace gunduma, ko aji ne a makarantar firamare, inda mutum zai taka da ƙafarsa ya faɗi abin da aka yi masa, a rubuta. A rubuta, Malam Edita, a nan maganar take. Babban littafi, sunan mai kuka, ranar da abin ya faru, wa ya gani, sannan a ba shi 'yar takarda mai lamba ya riƙe. Wanda aka kama, a bi sawu a san wane hannu yake, domin tsarin mulkin 1999 bai yarda a tsare mutum kwana da kwanaki ba a kai shi gaban alƙali ba. A sa limami a ciki, da wakilin hakimi, da ardo, da mace mai hankali kamar malamar makaranta ko ungozoma, saboda akwai maganar da ɗiya mace ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba ko za ta mutu da ita. Sau ɗaya a wata lauya da jami'in hukumar kare haƙƙi su zo da rakiya su ɗauki abin da ya fi ƙarfin ƙauye. Kuma a rufa wa mai kuka asiri. A nan, idan magana ta fita da safe, kafin la'asar ta isa daji, wanda ya yi ta kuma ba zai kwana gidansa ba.

Na ce har da ardo, na kuma san wasu za su ɓata rai. Su ɓata. Ni Bagobiri ne, an kashe mini dangi, ban manta da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari ba, inda aka kashe mutum sama da 70 rana guda a watan Mayun 2020. Amma ban manta da kasuwar Mamande a Gwadabawa ba, inda 'yan sa-kai suka kashe Fulani a watan Oktoban 2021 ba tare da wani alƙali ya ce sun yi laifi ba. Bafulatanin da aka kore masa shanu ya rasa inda zai kai ƙara, ina kake zaton ɗansa zai nufa? Da yawa daga cikin yaran da ke daji yau, da an saurari iyayensu jiya, da ba mu kai nan ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yau a wasu ƙauyukanmu, rigimar gona da ta aure a gaban yaran ɗan bindiga Bello Turji ake yanke ta, su sa haraji, su ce ga ranar biya. Mutane ba son su suke yi ba. Su ne kusa.

Shugabanninmu fa? Idan an yi kisa sai a zo jaje da jerin motoci da jiniya, a sauke buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, kafin magariba an juya. Ba wanda ke zama ya tambayi sunan mamatan. Dubban mutanenmu suna Gidan Rumji da Garin Kaka da Cadakori a jihar Maraɗi tun 2019, can an rubuta sunayensu an ba su kati, nan gida babu littafin da ya san sun tafi, balle ya san wa ke noma gonakinsu. A ƙasar Gobir ɗin nan ne Shehu Usmanu ya tsaya gaban Sarki Bawa Jangwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyauta, ya roƙi a saki fursunoni a kuma sassauta wa talakawa haraji, Bawa ya amsa. Sarki mai takobi ya saurari koke fiye da shekara 200 da suka wuce, yau wanda muka zaɓa da hannunmu ganin sa sai da hanya.

Samarinmu ma ina da magana da su. Ana kai hari, kafin a rufe gawa an ɗora hotonta a Facebook da TikTok, ana zage-zage kwana biyu, shi ke nan. Wannan wayar da ke hannunka za ta iya rubuta wa tsohuwa takardar koke. Masu digiri da NCE suna zaune a majalisa suna shan shayi, alhali su ya kamata su riƙe littafin nan. Sai dai ina gargaɗi: ranar da aka buɗe ɗakin koken, kada a cika shi da yaran 'yan siyasa a mayar da shi wurin rabon alawus. Idan mai kuka ya leƙa ya ga yaron wanda ya zalunce shi ne a kan kujera, ba zai sake dawowa ba.

Ina kira ga Gwamna Ahmed Aliyu, da 'yan majalisar da ke wakiltar Sabon Birni da Isa a jiha da tarayya, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu. An iya kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, an saya mata motoci da babura. To a kafa inda za a kai ƙarar duk mai riƙe da bindiga idan ya wuce gona da iri, kowane ne shi. A fara da Gatawa da cikin garin Sabon Birni da Isa, a gani ko mutane ba za su yi layi ba. Kai kuma Malam Edita, ka turo wakilinka ranar kasuwa ya zauna da mu yini guda, ya zo da littafi mai kauri.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Sabon Birni, Jihar Sakkwato.