Matsalar wutar lantarki da asarar kwamfutoci a Nijeriya

A duk lokacin da aka yi zancen matsalar wutar lantarki a Nijeriya, hankali ya fi karkata ne ga duhun da jama'a kan shiga idan an ɗauke wuta. To amma ga masu sana'ar da ta dogara da kwamfuta, dawowar wutar ta fi ɗauke ta haɗari, domin sau da yawa takan dawo da ƙarfin da ya zarce ƙima, ta ƙone na'urorin da aka bari a jone.

Ƙa'idar wutar gidaje a ƙasar ita ce bolt 230, akwatin wuta da ke cikin kwamfuta shi ne ke rage ta zuwa bolt 12 da 5 da kuma 3.3. Idan wutar ta yi tsalle, ko kuma aradu ta faɗa kan layi a lokacin damina, wannan akwati ne ke fara lalacewa, wani lokaci kuma ɓarnar ta zarce zuwa babban faifan da ke haɗa dukkan sassan na'urar, wanda masu gyara ke kira madabod. Gine-ginen da ba a binne musu wayar ƙasa ba sun fi fuskantar wannan haɗari.

Matsalar dai ba sabuwa ba ce. A shekara ta 2005 aka sauya hukumar NEPA da kamfanin PHCN, a 2013 kuma aka miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanoni 11, amma babban layin wutar ƙasar ya ci gaba da durƙushewa, har ma a watan Oktoban 2024 jihohin arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa rashin tsayayyar wuta na janyo wa Nijeriya asarar kimanin dala biliyan 26 a kowace shekara.

Wanda madabod ɗinsa ya ƙone kan nufi kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas ko Farm Centre a Kano, inda akasarin abin da zai samu na hannu ne, wanda aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Tun a 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na irin waɗannan kaya ke sauka a Legas a kowane wata, kuma mafi yawansu ba sa aiki. Bayan da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, lamarin da ya sa sabon kaya ya ƙara yi wa ƙananan 'yan kasuwa nisa.

Sai dai sauya faifan ba shi ne ƙarshen wahalar ba. Tun daga fitowar Windows XP a 2001, kamfanin Microsoft ke ɗaure lasisin manhajarsa da sassan na'urar da aka ɗora ta a kai, saboda haka idan an sauya madabod, manhajar kan ɗauka cewa wata kwamfuta ce dabam, ta nemi a sake tabbatar da lasisi. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusunsa na Microsoft yana iya dawo da shi ta intanet, amma lasisin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta galibi ba ya bin mai shi zuwa sabon faifai. Wannan na daga cikin dalilan da ke tura mutane ga manhajar sata, wadda kan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Akwai kuma batun bayanai. Idan an kulle ma'ajiyar kwamfuta da tsarin BitLocker, mabuɗin na ajiye ne a wani ɗan guntu mai suna TPM da ke tare da tsohon faifan, don haka sai an shigar da wata lambar ceto mai alƙaluma 48 kafin ta buɗe. Wanda bai adana lambar ba, to takardunsa sun salwanta ko da ma'ajiyar na nan lafiya lau. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga watan Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta amincewa da faifan da ba shi da TPM 2.0, ma'ana yawancin tsofaffin faifai masu araha ba su cika sharaɗin ba.

Lamarin ya shafi shagunan buga takardu, da asibitoci, da cibiyoyin jarrabawar JAMB wadda tun 2015 ake rubuta ta kacokan a kwamfuta. Hukumar NERC ta tanadi hanyoyin kai koke, amma tabbatar da cewa wutar kamfani ce ta yi ɓarnar, ba janareta ko gurɓatattun wayoyin gida ba, abu ne mai wuya. Bisa ga dukkan alamu, kafin a gyara layukan wutar, masu kwamfuta ne za su ci gaba da ɗaukar nauyin kariya, ta hanyar sayen sitabilaiza da na'urar UPS, da cire soket idan an ɗauke wuta, da kuma ajiye kwafin bayanansu da lambar ceto a wani wuri dabam.