Taron shugaba da dukkan ma'aikata: Abin da ya rage masa armashi a Google

A watan Nuwamban 2019, shugaban kamfanin Google, Sundar Pichai, ya aika wa ma'aikata saƙon imel cewa babban taron da suka saba yi duk mako, wanda suke kira TGIF, zai koma sau ɗaya a wata, kuma za a taƙaita shi ga kayayyakin kamfanin da dabarun kasuwanci. Cikin dalilan da ya kawo akwai yadda ake kai wa 'yan jarida abin da aka faɗa a ciki, da kuma cewa kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikata ne kawai ke kallon taron, alhali shekara goma kafin nan kashi 80 ne.

Taron ya samo asali ne tun lokacin da Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin, ke iya tara kowa a wuri guda ranar Juma'a. Abin da ya ba shi daraja shi ne tambayoyi. Ma'aikaci zai rubuta tambayarsa a wata manhajar cikin gida mai suna Dory, abokan aiki su kaɗa mata ƙuri'a, wadda ta fi samun goyon baya a yi wa shugabanni ita a gaban kowa. Ƙaramin injiniya na iya sa mai kamfani ya yi gumi.

Wannan ɗin ne ya fara lalacewa. A watan Agustan 2018, ana tsaka da taro kan shirin ƙirƙiro wa China manhajar bincike mai tace bayanai, sai ga kalaman shugabannin suna fitowa a Twitter. Wata guda bayan haka shafin Breitbart ya wallafa bidiyon taron da aka yi bayan zaɓen Amurka na 2016, inda manyan kamfanin ke nuna takaicin nasarar Donald Trump. Shugaban da ya san duk abin da ya furta zai kwana a jarida, dole ya riƙa tauna magana har ta zama sanarwar manema labarai. Ma'aikata kuwa ba sa barin aikinsu don sauraron sanarwa.

Ga kuma tsada, wadda ba kasafai ake lissafa ta ba. A ƙarshen 2019 Alphabet, uwar kamfanin Google, na da ma'aikata kusan 119,000. Idan kowa ya zauna na awa guda, an cinye abin da ya kai kusan shekara 60 na aikin mutum ɗaya, in aka ɗauka yana yin awa 2,000 a shekara. Irin wannan kuɗi ba ya halatta sai taron ya ba da abin da imel ba zai iya bayarwa ba, kuma in an cire amsa tambayar da shugaba bai shirya mata ba, da wuya a nuna wani abin.

Matsalar ba ta Google kaɗai ba ce. A Janairun 2025 Mark Zuckerberg ya koka a taron ma'aikatan Meta cewa duk abin da ya faɗa sai ya fita waje. Koken nasa ma ya fita.

Sai dai akwai ranar da ba a iya guje wa taron. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 12,000 ta imel, wasu ma sun gane an sallame su ne da suka kasa shiga kwamfutar aiki. Kwanaki kaɗan bayan haka sai da Pichai ya tsaya gaban waɗanda suka rage, suna tambayarsa yadda aka zaɓi mutanen da aka kora da dalilin da ya sa ba a sanar da shugabannin sassansu ba tun da wuri.