Agwagin da suka riga yara mutuwa

Jama'a, kafin yara su fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, agwagi ne suka fara ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ai agwagwa ce. Sai da likitocin MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke jijjiga suna mutuwa, aka auna jini, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma tun a shekarar, amma Bagega sai 2013, bayan matasan Follow The Money sun tayar da ƙura da #SaveBagega.

Abin da ke ci min rai shi ne, yadda aka yi wa agwagin nan haka adabinmu yake yi wa ƙasa da ruwa da dabbobi. A yawancin littattafan Hausa da nake karantawa, daji wurin aljanu ne ko 'yan fashi. Ƙauye kuwa wurin da ake ɗauko kyakkyawar yarinya talaka ne a kai ta Abuja. Ko a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda sunansa ya yi kama da Bagega har abin ya ba ni tsoro, ruwan abin nema ne a can nesa, a ɗebo a kawo gida a yi magani. Su mutanen Bagega ciwon aka ɗebo musu daga rami aka shigo da shi tsakar gida.

Ku dubi 'yan'uwanmu na kudu. A 2010 ɗin nan dai Helon Habila, ɗan Gombe ma fa, ya fitar da Oil on Water, inda rijiyoyi da koramun Neja Delta da man fetur ya kashe suka zama kamar mutane a labarin. Imbolo Mbue 'yar Kamaru ta fitar da How Beautiful We Were a 2021, kan wani ƙauye da yaransa ke mutuwa saboda dattin kamfanin mai na Amurka.

To amma su suna da mugu a fili: kamfanin Bature. A Bagega babu shi. Uba ne ya ga noma bai ciyar da gidansa, farashin zinare kuma ya tashi, ya ɗauko buhun dutse ya kawo. Uwa ce ta daka a turmin da take daka gero, da goyo a bayanta. Jariri ya yi rarrafe a kan ƙurar, ya sa hannu a baki. Wa za ka la'anta a nan? Ina ganin wannan ne ke sa marubutanmu kaucewa, alhali a nan labarin yake. Matar da ta gane turminta ne ya kashe ɗanta, kuma gobe dole mijinta ya koma rami, wallahi ta fi jarumar da aka yi wa kishiya abin rubutawa.

Masu buga mana labari babi-babi a WhatsApp, akwai 'yan Gusau da Talata Mafara a cikinku. Anka ba nisa. Yaran da aka yi wa magani a 2013 yanzu samari ne da 'yanmata, iyayensu mata kuma suna nan, suna tuna komai.