Wa Ake Yi Wa Dariya? Darasi Daga Shirin Jack Benny

A shekarar 1948, a wani shirin barkwanci na rediyon Amurka, ɗan fashi ya tare wani mutum cikin dare, ya ce ya zaɓi ɗaya, kuɗinsa ko ransa. Mutumin ya yi shiru. Da ɗan fashin ya gaji ya daka masa tsawa, sai ya amsa cewa yana tunani tukuna. Jama'ar da ke zauren shirin suka ɓarke da dariya. A matsayina na mai nazarin harshe, nakan kawo wa ɗalibaina wannan misali, domin shirun ne ya fara ba da dariya tun kafin maganar ta zo.

Mutumin shi ne Jack Benny. Shirinsa ya fara a watan Mayun 1932 a gidan rediyon NBC, kamfanin Canada Dry na ɗaukar nauyinsa, daga baya Jell-O da Lucky Strike suka gaje shi. Ya koma CBS a 1949, ya kuma rufe a rediyo a 1955. Shiri ne na rabin awa a yammacin Lahadi, mai haɗa kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo da talla.

Abin lura shi ne wanda ake yi wa dariyar. Benny ya mai da kansa marowaci mai son yabo, makaɗin gogen Turawa da bai iya ba, wanda shekarunsa suka tsaya cak a 39. Masu sauraro sun daɗe da sanin rowarsa, shi ya sa shirun nan ya wadatar. A 1937 Eddie Anderson, ɗan wasa baƙar fata, ya shigo shirin, ya zama Rochester, yaron gidansa. Gaskiya ne da farko an cusa masa barkwancin raina baƙar fata, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka rage shi ƙwarai, ya zamana yaron gida ne ke kunyata maigida.

Mai karatu ya kwatanta wannan da shirin Amos 'n' Andy, wanda Turawa biyu, Freeman Gosden da Charles Correll, suka fara a 1928 suna kwaikwayon karin harshen baƙaƙen Amurka. Ya yi tashe matuƙa. Amma da ya koma talabijin a 1951, ƙungiyar NAACP ta yi masa ca, kuma a 1966 CBS ta janye shi baki ɗaya.

Wannan tarihi ya shafe mu. Sau nawa mai barkwanci a tashoshinmu yake neman dariya da gurɓatacciyar Hausar Bafulatani ko Bagwari, ko da i'inar mai i'ina? Za a ce ai al'ada ce, kamar wasan Fulani da Barebari ko Kanawa da Zage-zagi. To, amma wannan wasa yana da sharaɗi: wanda aka tsokana yana nan, kuma zai rama. A rediyo kuwa baki ɗaya ne ke magana, yaron da ake kwaikwayon harshen uwarsa sai dai ya sha tsokana gobe a makaranta.

Ina kira ga shugabannin tashoshinmu da marubutan wasanni da su riƙa yin tambaya guda kafin shiri ya fita: wa za a yi wa dariya, kuma yana da bakin ramawa? Hausawa sun ce laifi tudu ne. Benny ya tsaya a kan nasa tudun shekara 23, masu sauraro ba su gaji ba.